Taƙin da Na Mayar wa Gogen Gidanmu

A gidanmu ba a raba goge a gado. Gona a raba, awaki a raba, har kwanukan Inna sai da aka raba bayan rasuwarta, amma goge na hannun da ke iya sa shi magana ne. Haka Kaka ya tarar, haka ya bar wa Baba. Sharaɗin guda ɗaya ne. Duk ranar da aka yi zargin hannun mai riƙe da shi ya gaza, sai a tara 'yan gida, a miƙa masa gogen a gaban kowa. In ya kai taken gidanmu daga farko har ƙarshe, ya ci gaba da riƙon abinsa. In ya kasa, goge ya koma hannun mai bi masa. Ba malami ne ya rubuta wannan ba, ba kuma alƙali ya yanke ba. Al'adar gida ce kawai, kuma da ita na yi wa yayana abin da zan faɗa.

Mu biyu ne maza a wurin Baba, Yaya ya girme ni da shekara huɗu. Ƙauyenmu yana kusa da Gatawa, kuma duk yankin in aka ce gidan masu goge, gidanmu ake nufi. Ina da shekara bakwai Baba ya gwada ni kamar yadda ya gwada Yaya kafin ni. Ya zaunar da ni a ƙofar gida, ya ɗora mini gogen a cinya, ya damƙa mini izga, bakan da ake goga tsirkiya da shi. Na ja sau ɗaya, abin ya yi ƙara irin ta ƙofar kwano mai tsatsa. Na sake ja. Baba ya karɓe kayansa, ya ɗaga hannuna sama yana nuna wa mutanen da ke zaune, ya ce, "Wanga hannu na taɓarya na. Ku kai shi cikin gida shi taya mata daka." Aka kwashe da dariya, har da Yaya, shi kam har yana riƙe ciki. Shekara hamsin ke nan da ɗoriya, amma har yau zan iya gaya maka wanda ya zauna a dama da wanda ya zauna a hagu.

Da aka aiko cewa kowane gida ya ba da yaro ɗaya a sa makarantar boko, Baba bai ko yi shawara da Inna ba. A lokacin ba wanda ke ba da ɗan da yake da amfani. Ni aka bayar, yadda ake zaɓar kazar da ba ta ƙwai a yi sadaka da ita. Na yi karatun, na samu aiki a Sakkwato, na yi aure, na sayi mota. Shekaru da yawa in aka tambaye ni sana'ar ubana sai in ce manomi ne, domin ba na son a ce ga ɗan maroƙa a bayan tebur. Sai zamani ya juya. Manyan ofishinmu suka fara rataye tsofaffin takubba da faya-fayai a falo, kowa na tinƙaho da kayan kakanninsa. Nan na tsinci bakina yana cewa ai mu a gidanmu akwai gogen da ya fito tun daga tsohon birnin Alkalawa, alhali ko taɓa shi ba a bari na sake yi ba tun ranar nan.

Maganar Alkalawa ban isa in rantse a kanta ba. Abin da ake faɗa a gida shi ne kakan Kaka ya taso da ƙwaryar a rataye lokacin da aka watse daga can. Abin da ido ke gani kuwa ƙwarya ce da ta yi baƙi wuluk kamar gindin tukunya, ta tsage wuri biyu, gyartai ya ɗinke. Asalin sandar gogen ta itace ce. A zamanin Kaka aka yi wata shekarar yunwa, kowa ya fita neman abin da zai ci, aka bar shi cikin rumbu wata bakwai, gara ta cinye sandar. Kaka ya sa maƙeri ya yi masa ta ƙarfe. Baba ya zo ya ƙara mata zobban tagulla a kai don ƙawa, ya sake fatar guzan da ke rufe da bakin ƙwaryar sau biyu a sanina. Tsirkiya kuwa gashin wutsiyar doki ce, ita dama ba ta shekara ba a sake ta ba. Kowa ya riƙe gogen nan sai da ya taɓa wani abu a jikinsa, kuma ba wanda aka ce ya yi ɓarna.

Baba ya rasu, goge ya koma wurin Yaya, ba wanda ya yi musu. Ni ma ban yi ba, domin gaskiya ya iya. Ko ni da ke jin haushinsa, in ya ja taken gida sai tsikar jikina ta tashi. Ya riƙe shi shekara ashirin da wani abu, biki da suna da gayya, har daga tsallaken iyaka ake zuwa ɗaukarsa a kan babur.

Babur ɗin ne ya kayar da shi. Suna dawowa daga kasuwar Bafarawa taya ta shiga rairayi, ya faɗi a kan hannun hagu, wuyan hannun ya karye. Maɗori ya ɗaure, ƙashi ya haɗe, amma a karkace. Yatsun suka tanƙware ba su buɗewa sosai, gwiwar hannun ma ta daina miƙewa. A wurin mai goge hannun hagu shi ke tafiya a kan tsirkiya, na dama ja kawai yake yi. Baffa, ƙanin Baba, shi ne babban da ya rage a gidan, ya tayar da maganar al'ada. Yaya ya roƙi a ba shi lokaci, Baffa ya ba shi damina biyu.

Abin da ya yi a wannan tsakanin shi na daɗe ina kira ɓarna. Ya kai gogen wurin mai walda a Sabon Birni aka yanke taƙi guda daga sandar ƙarfen, don hannun ya kai, yatsun kuma su samu muryoyin kusa da juna. Ya cire zobban Baba saboda nauyi. Dawaki sun riga sun ƙare a yankinmu, ɓarayin daji ba su bar ko jaki ba, don haka ya tufka zaren kamun kifi siri-siri ya yi tsirkiya da shi. Ya yanko robar tayar babur ya ɗaure a jikin sandar, yana zura wuyan hannun a ciki ta riƙe masa. Sannan ya koma bayan rumbu ya fara koyo daga farko, mutum da furfurarsa, kullum da hantsi, har kaji suka saba da shi.

Ranar gwajin takanas na taso daga Sakkwato. Na ce wa mutane zumunci ya kawo ni, amma zuwa na yi in ga ya kasa. Bai kasa ba. Ya kai taken har ƙarshe bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Muryar gogen ta sirance ta hau sama, mata suka ce ya fi da shiga rai, wata tsohuwa har da guɗa. Ni na ce gogen Baba ya koma kukuma, abin wasan samari, ba wanda ya tanka mini. Na koma ina zagin duk wanda ya sha gabana a hanya.

Bayan wannan da shekara uku 'yan bindiga suka tayar da ƙauyenmu. Ba zan tsaya ba da labarin ba, duk wanda ke yankin nan yana da irinsa. Yaya da matarsa suka iso Sabon Birni a ƙafa, ita da tukunya a ka, shi da goge cikin buhun taki. Ina da wani gida da na fara ginawa a bayan gari, an yi rufi ba a sa ƙofofi ba, na zuba su a ciki, kuma na tabbata kowa a dangi ya ji cewa ni na ba su wurin zama. Gona ta tafi, ko da tana nan hannun ba ya riƙe hauya. Goge kaɗai ya rage masa. Da shi yake fita sunan 'yan gudun hijira irinsa ya dawo da ɗan gero a ƙulle, kuma in yana ja ba wanda ke kallon hannun. Sai dai ruwan da ya doke su a hanya ya taɓa fatar ta saki, ya yi ta lallaɓa ta har wata rana ta yage daga gefe.

Na zo Sabon Birni na tarar ya yi wata guda bai fita ba. Ya ce, "Auta, tunda ta garin Isa za ka bi, taimaka ka tai mani da shi wurin tsohon nan mai gyaran kayan kiɗi. Ni hanyag ga ba ni iya ta yanzu. Hwata kaɗai za shi sakewa. Kak ka bari shi taɓa komi bayan hwata."

Na ce, "To, Yaya."

Ya naɗe shi cikin tsohuwar rigarsa, ya kai har mota da kansa ya kwantar a kujerar gaba. Wallahi a lokacin ban shirya komai ba. A hanya ne, ina tuƙi ina kallonsa a gefena, karo na farko cikin shekara hamsin daga ni sai shi, abin ya zo mini gaba ɗaya.

Tsohon yana da rumfa a bayan kasuwar Isa, ganguna da kalangai rataye ko'ina. Ya kwance rigar, ya juya gogen a hannu, ya bi bakin ƙwaryar da farce yana duba ramukan ƙusa.

"Wanga ya ga hannuwa," in ji shi. "Hwata shidda anka sa mishi, ga sawunsu nan. Ɗunkin ga na sama ya girmi ubanka, irin zaren ga an bar yin shi." Ya shafa inda aka yanke ƙarfen, ya ja robar ya sake ta. "Mai shi hannunai na da ciwo?"

Na ce i, yayana ne, karaya ce ta haɗe a karkace.

"To ya san abin da yay yi. Ko ni anka kawo ma, haka za ni yi mishi. Hwata za a sa ko?"

Na ce a'a, so nake a mayar da shi yadda yake asali.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Wane asali, Alhaji? Na itce ko na ƙarhe? In asali kaka so, ƙwarya ɗai za ni ba ka ka tahi da ita, dut sauran daga baya sunka zo."

"Yadda ubana yab bar shi. Tsawonai, da zobbanai, da gashin doki."

"In na mai da taƙin ga, mai shi ba shi kaiwa."

Na ce, "Na sani."

Ya furzar da goro gefe, ya ce in kai wa wani. Sai na yi masa ƙarya, na ce Yaya ya tuba ya bar kiɗa, dangi ne suka ce a gyara a adana don tarihi. Ban ga alamar ya yarda ba, amma hannunsa bai bar shafa ƙwaryar ba, na gane yana kwaɗayin aikin. Ya ce in dawo bayan sati uku.

Gashin doki sai da na sa wani ɗan kasuwa da ke shiga Nijar ta Burkusuma ya samo mini. Fatar guza wani masunci ya kawo. Zobba kuwa maƙeri ya yi sababbi, tsohon ya jiƙa su cikin wani abu suka dushe kamar sun shekara ɗari. Aka yi wa sandar ƙari da walda, ya rufe tabon da jar fata, sai an gaya maka za ka san an taɓa yankewa. Ranar da na je karɓa ya shafa ƙaro a izga ya ja mini. Muryar Baba ce ta fito, mai kauri, mai gurnani daga ƙasa, wadda na yi shekaru ban ji ba. Na zauna na yi hawaye, hawayen gaske, domin duk abin da ya yi mini ina son ubana. Da na share ido ban fasa komai ba.

Zan tafi tsohon ya miƙo mini wata leda, zaren kifin da robar ne a ciki. Ya ce, "Kai mishi kayanai." Ina fita daga gari na sauke gilashi na jefar da ita cikin ciyawa.

Ban wuce wurin Yaya ba, wurin Baffa na fara zuwa, shi ma yana Sabon Birni a gidan 'yarsa. Na kai masa sukari da ganyen shayi kamar yadda na saba. Na ce masa gwajin da aka yi a ƙauye ba gwaji ba ne, domin ba a kan gogen Baba aka yi shi ba, a kan guntunsa aka yi. Yanzu ga goge ya dawo yadda Baba ya bari, sai a yi abin da al'ada ta ce. Baffa ya tsufa, kuma tun da aka taso daga ƙauye hannuna yake kallo. Ya ce, "Gaskiya ta." Aka sa Juma'a bayan la'asar.

Aka taru a tsakar gidan nawa marar ƙofofi. 'Yan gida ba su fi goma ba, amma maƙwabta sun ji goge ya dawo, suka cika wurin, mata da yawa da niyyar rawa suka zo. Yaya bai san komai ba. Ya yi wanka ya sa hula, yana ta washe baki. Na ajiye ƙunshin a gabansa ya kwance da hannu ɗaya da haƙori. Da ya ga zobba sai ya tsaya. Ya ɗora hannun dama a kan sandar ya auna da taƙi, ya sake aunawa. Ya nemi robar bai gani ba.

"Auta," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "hwata nic ce."

"Ɓarnad da kay yi nig gyara, Yaya. Ga gogen Baba nan."

Baffa yana kallon ƙasa ya ce, "Ɗauki ka yi muna taken gida."

Nan Yaya ya gane. Na ga lokacin da ya gane, kuma na ji daɗi. Yana iya ƙi, yana iya tona ni a gaban mutane, amma Yaya bai taɓa iya gardama ba. Ya ɗora gogen a cinya, ya miƙa hannun hagu. Hannun ya tsaya inda ya saba tsayawa, saura taƙi guda ya kai wurin kamu. Ya karkata kafaɗa, ya sunkuyo da jikinsa duka har ya kama. Gaɓar farko ta fito, da ƙyar amma ta fito. A ta biyu akwai wurin da ƙaramin yatsa ke miƙewa ya taɓa can ƙasa, yatsan ya miƙa iyakarsa bai kai ba, gogen ya yi kuka kamar an taka kyanwa. Ya koma farko. Nauyin zobba ya ja sandar ƙasa, ya tokare ta da gwiwa. Sau uku yana komawa farko, gumi na ɗiga daga gemunsa a kan sabuwar fatar.

A karo na huɗu wata maƙwabciya ta kasa riƙewa ta fashe da dariya. Wata ta kama, sai wurin ya ɗauka, mutanen da wata biyu da suka wuce suke rawa a gabansa. Na jira dariyar ta ɗan lafa don kowa ya ji, sannan na matsa na kama hannun nan karkatacce na ɗaga shi sama. Na ce, "Wanga hannu na taɓarya na." Ba wanda ya san inda maganar ta fito sai shi da Baffa. Ya dube ni kawai. Ina jin sai a ranar ya san ban manta ba.

Matarsa ta fito daga cikin mata ta ce, "Allah ya isa tsakaninai da kai, ɗan boko." Na tambaye ta rufin wa ke kanta, ta juya ta koma cikin mata. Baffa ya ɗauki gogen daga cinyar Yaya ya miƙo mini. Wani daga baya ya ce to sabon mai shi ya ja mana mu ji, Baffa ya ce al'ada ba ta ce a gwada mai karɓa ba. Gaskiyarsa ce. Waɗanda suka kafa ta ba su taɓa zaton za a haifi ɗa a gidan da bai iya goge ba.

Kwana goma sha ɗaya gogen ya yi a bangon falona a Sakkwato. Matata ta ce masu neman auren 'yarmu suna tafe, so nake su shigo su gani, a ce 'ya'yanta jikokin maroƙa ne? Muka yi faɗa, na sauke shi na tura ƙarƙashin gado. Ni kaina na lura ba na son kallonsa. Na ɗauka in ya zama nawa wani abu zai kwanta a raina, bai kwanta ba. Bayan wata biyu ogan ofishinmu ya yi ritaya, mutum ne mai son kayan da. A wurin walimar sallama na miƙa masa gogen a gaban jama'a, na ba da labarin Alkalawa, na ƙara gishiri, aka tafa mini. Ya tafi da shi Abuja, daga baya na ji ya bi 'ya'yansa ƙasar waje. Ban gaya wa kowa a dangi ba.

Ana nan sai matar Yaya ta kira ni a waya, ita da ta daina gaishe ni. Ba sallama, ta ce, "Yayanka ya sa an karya hannunai. In kana son gani ka zo."

Washegari na kama hanya. Ashe tun ranar da aka karɓe gogen yake bin maɗora yana roƙon a sake karya wuyan hannun a ɗora shi daidai. Biyu sun kore shi, sun ce ƙashin wanda ya haura sittin ba a wasa da shi. Na uku, a wani ƙauye wajen Burkusuma, ya yarda. Matarsa ta ce maza uku suka danne shi, aka ɗora hannun a bakin turmi, ita tana waje ta ji ƙarar. Ba allura ba komai, tsumma aka ba shi ya ciza.

Na same shi kwance a tabarma, hannun ɗaure da karan dawa da tsummoki, yana warin man shanu, yatsun sun kumbura har suna sheƙi. Na shiga a shirye ya zage ni, har na tanadi abin da zan mayar masa. Bai zage ni ba, kuma wannan ya fi ba ni haushi.

"Auta, ka zo? Zamna. Na yi magana da Baffa. Ya ce al'ada ba ta hana goge shi dawo ba, in hannu ya kai." Ya bi ɗaurin da hannun dama yana nuna mini. "Ka ga, yanzu miƙe shike. Kwana arba'in anka ce. In an kwance ka taho da shi in gwada." Ya numfasa. "Kuma kai ad da gaskiya. Muryar Baba ta hi. Ko gaɓa ɗayan da nis samu, na ji ta."

Na ce to.

"Shina nan lahiya dai? Kak ka aje shi ƙasa, sanyi na ɓata hwata. Ka riƙa sassauta tsirkiya in ba a aiki da shi."

Na ce, "Shina nan lahiya lau, Yaya."

Ban taɓa ganin kwanaki masu gudu irin waɗannan arba'in ba. Na nemi lambar tsohon ogana wurin duk wanda na sani, wadda aka ba ni ba ta shiga. Na koma Isa wurin tsohon, na ce ya yi mini wani irinsa sak, a turara ƙwaryar da hayaƙi ta yi baƙi, a tsaga ta a ɗinke. Ya bari na gama, ya tambaye ni ina wancan. Na gaya masa. Ya ce mutumin da tun yana yaro ƙwaryar ke kan cinyarsa, ko ido rufe aka ɗora masa wata zai sani, sannan ya ce in fitar masa daga rumfa. Na rame, abinci ba ya shiga, ina yi wa iyali tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Duk wanda ya zo daga Sabon Birni sai ya kawo saƙon Yaya, wai kumburi ya sauka, wai saura kwana goma sha biyu, wai saura biyar, in shirya.

Ranar da za a kwance ban je ba, na ce aiki ya riƙe ni. Na zauna a falo da waya a hannu tun safe. Wajen azahar ta yi ƙara, matarsa ce.

"An kwance," ta ce. "Hannu ya mutu. Ko yatsa guda ba shi motsi, ko moɗa ba shi riƙewa. Mai ɗori ya ce jijiya ta, ba a yin komi." Ta tsaya, na ji tana jan hanci. "Ya ce in hwaɗa maka ba sai ka wahala ka kawo ba. Ka riƙe, naka na har abada."

Na yi salati, na ce Allah ya sa kaffara ce, na faɗi duk abin da ake faɗa. Da na ajiye wayar sai na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Daɗi na ji, ba zan ɓoye ba, kuma ban taɓa jin irinsa ba. Na kira matata na ce ta zubo mini abinci. Na cinye tas, na nemi ƙari.